Inda Man-gil Bai Duba Ba

Mu mutanen tsibirin Mosil ba mu taɓa haɗa baki a kan sana'ar Pyo Man-gil ba. Tsofaffin da ke gyaran taru a bakin tasha sukan ce safiyo ne, yana auna wa masu shimfiɗa waya da masu kafa fankokin lantarki ƙasan teku. Matan da ke kallon talbijin a ɗakin taron ƙauye sukan ce marubuci ne, tun ranar da suka ga sunansa ya gifta da ƙananan haruffa a ƙarshen wani wasan kwaikwayo, kafin talla ta haɗiye shi. Uwarsa kuwa, wadda kowa ke kira 'Yar Gangjin saboda daga can aka auro ta, in ka tambaye ta sai ta taɓe baki ta ce, "Gantali yake yi a kan ruwa, kamar marar gida."

An ce taura biyu ba ta taunuwa. Man-gil dai ya tauna tasa shekara talatin da ɗaya, haƙoransa kuma sun ji jiki.

Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ubansa, Pyo Gap-su, ya fita kamun kifi wata safiya a ƙaramin jirginsa na katako mai inji. Iska ta taso da rana tsaka, bai dawo ba. Ba gawa, ba ko guntun katako. Aka yi abin da ake yi. Aka ɗauko tsohuwar da ke tsamo kurwa, ta cika kwanon tagulla da ɗanyar shinkafa, ta rufe, ta ɗaure shi a bakin dogon farin yadi, ta jefa daga kan dutsen tasha tana kiran sunansa. In mamaci ya amsa, akan tarar da silin gashi a cikin shinkafar, shi ake kaiwa kabari a madadinsa. Sau uku ana jawo kwanon, ba komai sai jiƙaƙƙiyar shinkafa. Tsohuwar ta ce ya yi nisa, ba ya jin kira daga nan, sai an san inda yake an je kansa. Aka tara ƙasa a gefen tudu aka kira ta kabari, kowa kuma ya san ba kowa a ciki.

'Yar Gangjin ta riƙe 'ya'yanta biyu da noman ciyawar teku. Igiyoyinta suna nan kudu da tasha, layi-layi a kan ruwa, shekara arba'in ta yi tana sunkuyawa a kansu cikin sanyin da ke tsaga yatsu. Babbar 'yar, Bok-nim, ta yi aure a nan tsibirin. Autan kuwa uwar ta rantse ba zai taka jirgi da sunan neman abinci ba. Ta tura shi birnin Mokpo ya koyi aikin safiyo, don ta taɓa ganin masu awon hanya da hular kwano da na'ura mai ƙafa uku, ƙafafunsu a kan busasshiyar ƙasa, abin ya kwanta mata a rai. Ya gama karatu, ya yi soja, ya dawo mata da takardar ɗaukar aiki a jirgin awo. An gudu gara an faɗa gidan zago. Shekara biyu ba ta yi masa magana ba. Yana zaune a gabanta za ta juya ta ce wa Bok-nim, "Gaya wa ƙanenki miya tana hucewa."

Aikin nasa ba abin da ya haɗa shi da jarumtakar da ake nunawa a fim. Jirgi ne ke tafiyar hawainiya, ya miƙe layi, ya juyo ya kama na kusa da shi kamar mai huɗa, yana jan wata doguwar na'ura a baya wadda suke kira kifi. Kifin yana tura sauti ƙasa, amsa-kuwwa ta dawo ta zana hoton ƙasan teku a allo. Awa goma sha biyu mutum zai zauna yana kallon laka mai ruwan toka tana wucewa. In tsohuwar taya ta gifta, a rubuta lambar wurin. In ƙugiyar jirgi ce, ko firjin da wani marar kunya ya jefar, a rubuta. Inda kifi bai bi ta kai ba kuwa ba a zanawa, ko da za ka rantse ka san abin da ke wurin, fari ake barinsa a taswira. Mako biyar a ruwa, mako biyar a gida. Ya yi tekun Biyetnam, ya yi mashigin Taiwan, ya yi arewa inda igiya ke daskarewa a hannu. Amma duk lokacin da aiki ya faɗo a ruwan gida, irin ɗan guntun aikin waya tsakanin tsibirai da manya ke rainawa, Man-gil ne farkon ɗaga hannu. Abokan aikinsa sun ɗauka kewar kimcin uwarsa ce, kabejin nan mai yaji da take tsumawa.

Awo ya shiga jininsa har ba ya iya faɗin inda abu yake ba tare da lamba ba. Matarsa, wadda ke koyar da piyano a Mokpo, ta ce ta taɓa tambayarsa ina almakashi, ya ce mata yana taku biyu da rabi arewa da firji.

Rubutu kuwa zaman banza ne ya haife shi. In iska ta hana aiki, jirgi yakan laɓe a bayan wani tsibiri kwana uku, kwana huɗu, ma'aikata su yi ta karta suna zagin kuku. Man-gil bai iya karta ba. Sai ya kama cika bayan tsofaffin takardun aiki da labarin mutanen da babu su, har abin ya zame masa jiki. Littafi bakwai ya fitar. Babu wanda ya sayu har ya sa shi ajiye aikin jirgi, shi kuma taurin kai bai bar shi ya ajiye alƙalami ba. Matar da ke gyara masa rubutu a Seoul ta sha fama. Ta taɓa bugo masa waya ta ce, "Malam Pyo, saurayi da budurwa suna bankwana a kan gada, wa ya tambaye ka zurfin ruwan da ke ƙarƙashinsu?"

"Mita shida ne," in ji shi, "in ruwa ya janye."

Ya rubuta fim biyu. Na farko yana nan yana barci a aljihun teburin wani. Na biyun shi ne aka yi wasan talbijin da shi, bayan darakta ya cire masunta uku ya sa ɗan attajiri da hatsarin mota a gurbinsu. A jirgi ana kiransa Marubuci, ana dariya. A taron marubuta ana kiransa Kyaftin, shi da bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba. Kowa yana tura shi gidan maƙwabci. Ni dai ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, kuma na sha ganin waɗanda ba su kai shi ba suna kumbura a gaban makirfo.

Littafinsa na biyar shi ne ya ja masa. Labarin ɗan masunci ne da ya girma ya shiga aikin awo, a ƙarshe ya gano jirgin ubansa kwance a ƙasan teku. Man-gil ya rubuta shi hankali kwance, don uwarsa ba ta iya karatu ba, Bok-nim kuma ba ta karanta komai in ba takardar magani ba. Da ya zo shafin ƙarshe, hannunsa ya ƙi rubuta "can kudu da tsibirin" ya bar shi haka. Sai da ya sa lambobin wurin cif, na arewa da na gabas. Ƙaga su da ka kuwa bai iya ba. Ya ji tsoron kada su faɗa kan tudu abokan aiki su yi masa dariya, ya fi jin tsoron kada su faɗa kan jirgin wani na gaske, masu iyon ƙasan ruwa su je su dami mamatan mutane. Sai ya buɗe tsohon littafin aikinsa ya zaɓi wurin da shi da kansa ya bi da kifi sau biyu: laka shimfiɗe, mita arba'in da ɗaya, ko taya babu. Ya kwafe lambobin, ya ji daɗin tsantsenin kansa.

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne ajin yaƙi da jahilci. An buɗe shi a ɗakin taron ƙauye saboda tsofaffin mata, 'Yar Gangjin ta shiga tana da shekara saba'in da tara, wai don ta daina tambayar yara lambar motar asibiti. Ta fi kowa naci. Da ta gama littafin aji sai ta jawo ɗaya daga littattafan ɗanta da ke jere a kan talbijin, waɗanda da ƙura kawai take share musu. Wanda ke da hoton jirgi a bango ta zaɓa. Ba ta gaya wa kowa ba.

A watan Afrilun da ta cika tamanin da huɗu, Man-gil ya sauka hutu ya zo gaishe ta. Ta jera masa abincin rana a ɗan gajeren tebur, shinkafa da miyar ciyawar teku da gasasshen kifi, ta zauna tana kallon bakinsa.

"Ci, Auta. Ka bushe kamar kifin shanya."

"Inna, kilo uku na ƙara."

"A tumbi ka ƙara. Dubi wuyanka."

Sai da ya ajiye cokali ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin matashin da take zaune a kai. Bayan kalanda ne, an ninke shi huɗu, an rubuta lambobi manya-manya masu rawa.

"Karanta mini in ji ko na kwafa daidai."

Ya fara karantawa. Bai kai rabi ba ya gane su.

"A ina kika samo wannan?"

"A kasuwa na saya. A ina zan samo? Wata goma sha huɗu ina bin littafin nan da yatsa, idona kamar zai zazzago." Ta kwantar da tafin hannunta a kan takardar. "Shekara tara da samun ubanka. Kana zuwa, kana cin shinkafata, kana komawa, ba ka buɗe baki ba."

"Inna, littafi ne. Labari ne kawai."

"Na san labari ne, ni ba jaka ba ce. Ka sauya masa suna, ka ba shi gemu, mutumin da ko gashin baki bai iya tsayarwa ba. Ka ba uwar yaron baƙin hali, wannan ma za mu yi maganarsa wata rana. Suna ana sauyawa. Amma lamba? Kai da tun kana firamare in na ce buhu kilo goma ne za ka ce tara da rabi, a gaban mai saye? Ka taɓa rubuta lambar ƙarya?"

Bai taɓa ba.

"Ban yi fushi ba," ta ce, muryarta ta sauka. "Na san tsoro ka ji kada zuciyata ta tsaya. To, ta kusa tsayawa da kanta, likita ya faɗa a gabana yana zaton ba na ji. Ka kai ni wurinsa kafin ka koma ruwa."

Ya fito tsakar gida ya tarar da Bok-nim tana juya kifin shanya a kan raga. Ta ji komai, ƙofar takarda ba ta riƙe sirri.

"Yaya, ba kowa a wurin nan," ya ce a hankali. "Ni na zaɓe shi don ba kowa."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ina gaya miki ne..."

"Ni ma ina gaya maka. Wata uku ke nan tana barci kamar jaririya, tana tashi da kwano biyu. Rabon da in ji Inna tana waƙa tun Baba yana nan, sai bana. Kai da ka cika littafi bakwai da ƙarya, ƙarya ɗaya ta rufe baki ce za ta gagare ka?"

"Waccan daban ce."

"Ina bambancin? Waccan ana sa mata bango mai hoto?" Ta yarfe hannunta. "Ka kai ta, ta jefa kwanonta, mu dawo gida. Ruwa duk ruwa ne."

Ya ce to. Kwana tara suka rage masa na hutu, ya yi shida daga ciki yana jin kunyar da bai taɓa ji ba, yana kallon uwarsa tana goge kwanon tagullar nan na shekara arba'in da shida da toka har ya koma kamar sabo. Mai tsamo kurwa ta daɗe da mutuwa, ba ta bar magajiya ba. Da Bok-nim ta kawo zancen a nemo wata daga tsibirin Jindo, tsohuwa ta ce a'a. "Shekara goma sha takwas ina kiran ubanku cin abinci. Wa ya fi ni sanin yadda ake kiransa?"

Chu Dal-ho ne ya kai su, abokin Man-gil tun firamare, mai jirgin da ke kai masu ƙugiya kamun kifi. Suka tashi da hantsi, teku kwance, su huɗu. 'Yar Gangjin ta sa fararen kaya, ta zauna a kan akwatin ƙanƙara da kwanon a cinyarta.

"Ranka ya daɗe, Marubuci," in ji Dal-ho yana danna lambobin a na'urar jirgi, "a fim na gaba ka sa ni. Amma ka cire mini tumbin."

"In aka cire tumbin me zai rage?" in ji tsohuwa.

"Inna, ni fa nake tuƙa ki."

"Tuƙa mana. Ubanka ma da surutu yake tuƙi, shi ya sa kifi ke gudunsa."

Dal-ho ya yi dariya, Bok-nim ma ta yi. Man-gil ya tsaya a baya yana kallon tsibirin yana ƙanƙancewa, jakar aikinsa a kafaɗa, don ko bayan gida ba ya zuwa ba ita.

Bayan awa biyu na'ura ta yi ƙara, Dal-ho ya rage wuta. Ba komai a wurin sai ruwa ta kowane gefe. Man-gil ya leƙa ɗan allon da Dal-ho ke neman kifi da shi, ya ga layin ƙasa miƙe sambal, mita arba'in da ɗaya. Bok-nim ta kama uwar ta durƙusar da ita a gefen jirgi. Tsohuwa ta warware farin yadin, ta naɗa bakinsa a wuyan hannunta, ta sunkuya kan ruwan.

"Baban Bok-nim," ta ce, "na makara, ka yi haƙuri. Wancan karon an ce ka yi nisa ba ka ji ba, ban riƙe ka da shi ba. Yau ga ni a kanka. Yau ba ka da hujja."

Nan Man-gil ya gane inda abin ya nufa. Shi da yayarsa duk ba su hango wannan ba. A dutsen tasha kwano ya fito wayam, an ce nisa ne, ta rayu da wannan shekara arba'in da shida. In ya fito wayam a nan, ba nisa. Za ta koma gida da sanin cewa ta zo har kan mijinta ta kira shi, ya ji, ya ƙi ta, kuma da wannan za ta mutu.

Ta ɗaga kwanon. Ya riƙe mata hannu.

"Inna, ba ya nan."

"Man-gil," in ji Bok-nim tana cizon haƙora.

"Ba ya nan, Inna. Ban same shi ba. Ban taɓa samunsa ba. A duk faɗin tekun nan, nan ne wurin da na fi tabbata ba ya nan."

Dal-ho ya kashe inji ba wanda ya ce masa ya kashe. Tsohuwa ta sauke kwanon a kan cinyarta, ta daɗe tana kallon ruwan. Fuskarta ta zube a gabansa, ya ga shekarunta duka sun dawo mata a lokaci ɗaya, ya ji ya tsani hannun da ya rubuta littafin.

"To me ya sa ka rubuta nan?"

"Don ba kowa. Kada a je a dami na wasu."

"Na wasu," ta maimaita. Can ta ce, "Yaya aka yi ka san ba kowa?"

"Na duba. Sau biyu na bi ta kan wurin."

"Dubawa kake yi ke nan?"

Ya buɗe jakarsa ya zaro wata taswira da ta sha ninki har an lilliƙe gaɓoɓinta, ya shimfiɗa ta a kan akwatin ƙanƙara, Dal-ho ya danne gefe ɗaya da gwangwanin kofi. Ruwan gida ne, Mosil a tsakiya kamar ƙwayar wake. Kusan duk shuɗin an shafe shi da fensir, ƙananan layuka a jere, kowane yanki da shekararsa a gefe.

"Duk inda ya yi duhu na duba, ko na roƙi abokai a wasu jiragen sun nuna mini hotunansu. Katako ya daɗe da ruɓewa, inji nake nema. Na samu goma sha bakwai, ba nasa."

"Tun yaushe?"

"Tun fitata ta farko."

Ta bi taswirar da yatsa, irin bin da ta yi wa littafin, tana karanta shekarun da ƙyar. Bok-nim ta rufe bakinta da gefen riga.

"Shekara biyu ban yi maka magana ba," in ji tsohuwa.

"Ya wuce, Inna."

"Ni zan ce ya wuce, ba kai ba. Ɗan banza, ba ka da baki ne?" Ta share hancinta da bayan hannu. Yatsan nata ya ci gaba da tafiya har ya tsaya a wani siririn farin wuri da ya rungume tsibirin ta kudu. "Nan fa? Fensir ɗinka ne ya ƙare?"

"Nan ba a shiga. Igiyoyin ciyawa ne ko'ina, in muka ja kifi ta ciki zai sarƙe. Babu jirgin awon da ya taɓa bi."

"Igiyoyin wa?"

Ya duba, ko da yake ba ya bukatar dubawa. "Na gidan su Dal-ho, da na Kawu mai shago. Da naki."

"Iskar ranar daga kudu ta taso," in ji Dal-ho a hankali. "Babana ya sha faɗa."

"Ubanku matsoraci ne," in ji 'Yar Gangjin. "Tsawa in ta yi ƙarfi bayana yake ɓuya. Mutumin nan ba zai ga hadari ya tsaya a tsakiyar teku ba, gida zai nufo." Ta dubi ɗanta. "Za ka iya ce mini yana nan?"

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya ce mini ba ya nan?"

"Shi ma ba zan iya ba."

"To ya ishe ni. Dal-ho, juya."

A cikin awa biyun komawa, Bok-nim ta miƙa wa ƙanenta ruwan sha ba ta kalle shi ba. Rana ta ɗan karkata lokacin da suka shiga tsakanin igiyoyi. Dal-ho ya kashe inji kada farfela ta naɗe, ya riƙa tura jirgin da gora. Jikan Bok-nim ne ke noma wurin yanzu, amma tsohuwa ba ta bukaci a nuna mata iyaka ba. Ta ɗaga hannu aka tsaya. Daga nan ana hango rufin gidanta, shuɗi, da kayan da ta shanya da safe.

Wannan karon ba ta yi dogon jawabi ba. Ta jefa kwanon, yadi ya bi shi yana warwarewa, ta ɗaga murya kamar mai kira daga bakin ƙofa.

"Baban Bok-nim, ka taso haka nan. Yara suna jira."

Ta jira. Ta sake kira, ta sake jira. Sannan ta fara jawo yadin, Man-gil ya kama mata suka jawo tare. Kwanon ya fito yana zubar da ruwa. Ta kwance ƙullin da haƙori, ta buɗe murfin, ta riƙa baza shinkafar da ɗan yatsa a hankali. Man-gil ya tsaya a kanta yana kallo. Ya raba ta da wuri guda ɗaya da ta taɓa samu, abin da ya ba ta a madadinsa kuwa farin wuri ne a taswira.

Yatsan ya tsaya. Ta tsinto wani abu, ta ɗaga shi a hasken rana. Silin gashi ne, fari fat.

Gap-su ya tafi yana da shekara arba'in da ɗaya, kansa baƙi wuluk, ko furfura ɗaya babu. Idon Man-gil kuma ido ne da aka horar, da safen nan ya ga uwarsa sunkuye a kan kwanon tana zuba shinkafa, kanta ba ɗankwali. Ya ɗago ya ga Bok-nim tana kallonsa. Ba sai ta roƙe shi ba. Ba a tambaye shi ba, kuma wannan awon ba nasa ba ne.

"Ashe kai ma ka tsufa," in ji 'Yar Gangjin, tana magana da gashin. "Na ɗauka ni kaɗai ka bari da wannan aiki."

Ta naɗe shi a farar takarda, ta cusa a cikin rigarta, ta dafe wurin da hannu. Man-gil ya juya baya ya yi kukan da bai yi ba yana ɗan shekara goma sha ɗaya, kafaɗunsa suna girgiza, ba wanda ya hana shi.

"Dal-ho," ta ce, "ka tuƙa a hankali, ya daɗe bai hau jirgi ba."

Dal-ho ya fitar da su daga cikin igiyoyin da gora, ya tayar da inji, ya juya kan jirgin wajen tasha. Tafiyar ba ta kai minti goma ba.